Kafin a kira shi angon ƙarni

Duk wanda ya taɓa bi ta gaban asibitin sha-ka-tafi ranar awon ciki ya san yadda wurin yake. Tun bakwai na safe mata sun cika benci, kowace da katinta naɗe a leda, wata ga goyo a baya ga ciki a gaba. Ma'aikaciyar jinya na tsaye tana ɗaga murya: ku riƙa shan maganin ƙarin jini, ku kwana cikin gidan sauro, wadda ta ga fuskarta ta kumbura ko ciwon kai ya matsa mata kada ta jira ranar dawowa. Matan na amsawa da "to, Malama". Mazan kuwa, 'yan kaɗan ɗin da suka tsaya, suna waje ƙarƙashin darbejiya, zaune kan babura ana musun ƙwallo ko farashin buhun masara. Mafi yawa ma a bakin ƙofa suka sauke matan, suka miƙa kuɗin komawa, suka wuce kasuwa. Duk bayanin nan da ake zubawa a ciki, ko kalma ɗaya ba ta isa kunnen mutumin da za a tasa da tsakar dare a ce masa, "Ga halin da ake ciki, yaya za a yi?"

A gidan Bahaushe mace ce ke ɗauke da ciki, ita ake koya wa alamomin haɗari, amma izinin fita da kuɗin magani da abin hawa duk a hannun maigida suke. Wadda ta sani ba ta da iko, mai ikon kuma bai sani ba. Idan ana zancen miji ya kula da matarsa lokacin goyon ciki, ni wannan giɓin nake fara dubawa, kafin a zo kan tausa ƙafa ko sayo tsire da daddare, duk da su ma ba abin rainawa ba ne.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2025 ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki ko haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa abin bai wuce kashi 16 ba. Sauran duk a ɗaki ne, wasu da ungozoma, wasu da uwar miji, wasu kuma su kaɗai da Ubangijinsu, sai an ji kukan jariri.

Haihuwa a gida kan zo da sauƙi sau da yawa, shi ya sa mutane ke cewa ai iyayenmu ma haka suka haife mu. Gaskiya ne. Amma ranar da ta ƙi, abubuwan da ke kashe mace ba sa jiran gari ya waye. Zubar jini bayan haihuwa na iya ƙarar da lafiyayyar mace cikin awa biyu. Jijjiga, wadda hawan jinin masu ciki ke haifarwa, takan zo bayan kwanaki ana ciwon kai da kumburi da ganin dishi-dishi, kuma har yau a wurare da dama in mace ta faɗi tana karkarwa sai a ce iska ce, a nemo turare da rubutu, alhali akwai allurar da ake tsayar da ita da ita a asibiti. Doguwar naƙuda kuma, in kan ɗa ya tokare ya ƙi fita, ko dai mahaifa ta fashe ko a rasa ɗan, uwar ta tsira da yoyon fitsari. Wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ko sashen masu wannan lalura a Jahun ta Jigawa ya ga 'yan mata ƙanana waɗanda kwana biyu ko uku na naƙuda a ɗaki suka sauya musu rayuwa, kuma da yawansu mazan da suka hana a kai su asibiti su ne suka fara gudunsu saboda wari.

Tun a 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke jawo mutuwar masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun laifin gwamnati ne da asibitoci, rashin ma'aikata, rashin wuta, rashin magani, kuma ba ƙaramin laifi ba ne. Amma na farko da na biyu, a ƙasar Hausa, kusan duk a wuyan miji suke rataye.

Akwai wani dare da ba na mantawa. Maƙwabcinmu ya tafi ci-rani kudu, ya bar matarsa da tsohon ciki a hannun mahaifiyarsa. Ta haihu bayan isha'i lafiya ƙalau, har an yi guɗa. Can wajen sha ɗaya sai jini ya ɓalle, ana sauya zani yana jiƙewa. Aka yi ta kiran wayar mijin, a kashe. Tsohuwar ba muguwa ba ce, tana son surukarta, amma ta tsaya a kan abu ɗaya: "Ni ba zan fitar masa da mata cikin dare ba da saninsa ba. Ku ƙara gwada wayar." Sai da aka taso ƙanin mahaifin mijin daga wata unguwa, ya zo ya ce, "Yaya, a fita da yarinyar nan, in ya dawo ni zan yi masa bayani," sannan aka nemo adaidaita sahu. Da aka isa asibiti aka ce jini ake bukata leda biyu, aka shiga buga ƙofofin samarin unguwa. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Da mijin ya dawo ya ji labari, kuka ya yi, yana cewa da ya san haka ai da tun kafin ya tafi ya faɗa musu kada a jira shi. Magana ce ta minti ɗaya, bai taɓa tunanin yin ta ba, ba kuma wanda ya taɓa ce masa ya yi.

Ma'aikatan da suka yi aikin ceto masu haihuwa a ƙauyukan Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara sun daɗe da gane muhimmancin wannan magana ta minti ɗaya, har suka sa ta cikin abin da suke koya wa al'umma: miji ya ba da izinin dindindin tun ciki na ƙarami, a gaban mahaifiyarsa da wani babba a gidan, cewa duk lokacin da matsala ta taso a tafi asibiti ko yana nan ko ba ya nan. Ba ya cin ko sisi. Kuma bai rage wa maigida komai daga girmansa ba, tunda shi ne dai ya ba da izinin.

To me ya sa maza ke nesa-nesa da zancen ciki? Masu saurin yanke hukunci kan ce rashin tausayi ne. Akwai marasa tausayin, ba musu. Amma mafi yawa kunya ce da tarbiyya. An rene mu a kan cewa ciki sirrin mata ne, ita kanta matar takan ɓoye shi har sai ya fito, musamman cikin fari, wanda ko sunan ɗan da za a haifa ba za ta riƙa faɗa ba. Saurayin da ya nuna rawar kai a kan cikin amaryarsa, abokai za su sa shi gaba da tsiya, a gida kuma a fara raɗe-raɗin ya zama mijin ta ce. In cikin ya kai wata bakwai ko takwas, a gidaje da yawa iyayenta kan ɗauke ta zuwa goyon ciki, sai bayan arba'in ta dawo. Al'adar ta ware namiji da gangan, ta damƙa lamarin ga tsofaffin mata, kuma a zamanin da ake zaune a babban gida, ga uwar miji ga matan wa da ƙani ga ungozoma a maƙwabta, mai ciki ba ta rasa mai duba ta. Yanzu je ka sababbin unguwannin gefen Kano ko Kaduna ko Maraɗi ka ga yadda ake zama: ango da amarya su biyu a ɗaki ciki da falo na haya, uwarta na wani gari, uwarsa na ƙauye. Tsofaffin da aka bar wa aikin ba sa nan, shi kuma da ke nan an ce masa ba huruminsa ba ne.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne nake ganin ba mu da uzuri sosai. Bahaushe ya iya tanadin haihuwa, amma tanadin suna yake yi. Tun ciki na wata biyar ya ɗaure rago yana ba shi dusa, ya fara tara kuɗin goro da alawa, ga atamfar fitar suna, ga kayan ƙauri, ga itacen wankan jego. Ka tambaye shi nawa ya ajiye don mota cikin dare, ko don ledar jini, ko don in an ce sai an yi aiki, sai ya ce maka ai ba a yi wa Allah shisshigi, kada ka yi mana mugun fata. Ragon da ya saya wata huɗu kafin haihuwa bai zama shisshigi ba. Jihohi da dama na cewa awon ciki da haihuwa kyauta ne, kuma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata masu ƙaramin ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Amma duk wanda ya taɓa kai mai naƙuda ya san takardar da ake miƙo wa mutum ta taga: safar hannu, auduga, ruwan ƙari, allura kaza, je ka kemis ɗin waje. Ƙarfe biyun dare ba lokacin neman rance ba ne.

Jini ma haka. Yawancin asibitocinmu ba su da isasshen jini a ajiye, sai dangin mara lafiya sun kawo mai bayarwa a maye gurbin wanda za a ɗauko. Shi ya sa ake son a san rukunin jinin mace tun a awon farko, miji kuma ya yi magana da mutum biyu ko uku, ƙannensa ko abokansa, ya riƙe lambobinsu. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: likitoci ba su cika son a ƙara wa mace jinin mijinta kai tsaye ba in tana da sauran haihuwa a gaba, don jikinta na iya ƙirƙiro garkuwar da za ta yaƙi jinin 'ya'yan da za ta ɗauka nan gaba. Ya bayar a ajiye wa wani, ita a sa mata na wani. Akwai kuma matan da jininsu ke da alamar "negetif" alhali na mijin "fozitif" ne. Irin wannan mace tana bukatar wata allura cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, in ba haka ba cikin da zai biyo baya na iya lalacewa, a yi ta binne jarirai ana cewa wabi ne ko kishiya ce ta yi asiri. Ɗibar jinin mijin shi ma a gwada na taimakawa wajen gano wannan tun da wuri. Haka gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa: a yi wa mace magani a bar miji, aikin baban giwa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. Ba wanda ke cewa ɗan kasuwa ko manomi ya rufe harkarsa sau takwas ya je ya zauna a benci. Amma ko sau ɗaya ya shiga, a gwada jininsa, ya ji alamomin haɗari da kunnensa, ya tambayi ranar da ake sa ran haihuwa, ya san wane asibiti ne mafi kusa da ke iya yin aiki da ƙarin jini, domin ba kowane ɗakin shan magani ke yi ba, kuma ana asarar awanni wajen yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Tiyata kuwa ita ce inda aka fi kai ruwa rana. Likita ya ce sai an yi aiki, a fito neman mijin ya sa hannu, shi kuma ya ce sai ya yi shawara da na gaba da shi. A ƙa'idar aikin likita, mace baliga mai hankalinta ita ke da haƙƙin amincewa a yi wa jikinta aiki, amma a aikace ma'aikata na tsoron rigimar dangi, ita ma tana tsoron abin da zai biyo baya a gidan aure, don haka kowa sai ya zuba wa mijin ido. Shi kuma abin da ke ransa shi ne abin da ya ji a majalisa: wai wadda aka yanka ba ta ƙara haihuwa da kanta, wai likitoci kuɗi suke nema. Da an yi wannan muhawara tun ciki na wata shida, a natse, da ba a yi ta a barandar asibiti ana ƙirga bugun zuciyar jariri ba.

Inda na rabu da wasu masu wayar da kai shi ne batun shigar miji ɗakin haihuwa. Ana nuna hotunan Turawa, miji riƙe da hannun matarsa tana naƙuda, a ce wannan shi ne wayewa. Ɗakin haihuwa a asibitin gwamnati a nan gadaje ne jere, wani lokacin labule ma babu, matan wasu na kwance a buɗe. Wane namiji za a shigar nan? Kuma a tambayi matan mana. Da yawansu uwarsu ko yayarsu suke so a kusa, mijin kuwa su san dai yana bakin ƙofa da wayarsa a kunne da kuɗi a aljihu. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ta goyi bayan jawo maza cikin lamarin ne bisa sharaɗin a mutunta zaɓin matar da 'yancinta na yanke shawara. Sharaɗin na da dalili. A wasu ƙasashen gabashin Afirka, kamar Uganda, da aka fara fifita matan da suka zo awo da mazansu, wasu asibitoci har suna mayar da wadda ta zo ita kaɗai, sai mata suka koma ɗaukar hayar 'yan acaɓa su tsaya musu a matsayin miji. Wadda mijinta ya rasu, da wadda aka saka da ciki, da matar ɗan ci-rani, su ne suka sha wuyar tsarin. Akwai kuma mazan da in aka ce su shigo, sai su mai da shi wata sabuwar hanyar juya mace, shi zai amsa tambayar da aka yi mata, shi zai ce ba za a rubuta mata kaza ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya da ta fi dacewa da yadda mazanmu suke. A jihar Damagaram, tsakanin 2007 da 2008, Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya tare da hukumomin lafiya da sarakuna suka fara abin da ake kira makarantar mazaje. Ba aji ba ne da allo. Magidanta ne da ake ganin mutuncinsu a gari, waɗanda matansu ke zuwa asibiti, suke haɗuwa lokaci-lokaci tare da ma'aikacin lafiya, su duba me ke hana matan garin zuwa awo, sannan su bi majalisu da bakin masallaci suna yi wa 'yan'uwansu maza magana. Tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin ƙasar har wasu ƙasashen Afirka ta Yamma suka ara. Sirrinsa a ganina shi ne an gane cewa namiji ya fi jin maganar ɗan'uwansa namiji da suke cin tuwo tare, a kan ta baƙuwar ma'aikaciya da ba ta kai sa'ar ƙanwarsa ba. A Najeriya ma an yi makamancin haka da direbobin ƙungiyar NURTW, aka horar da su ɗaukar mai naƙuda cikin gaggawa a kowane lokaci, Jigawa kuma ta yi shirinta na Haihuwa Lafiya.

Wanda ke fakewa da addini ma bai samu mafaka ba. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta umurci miji ya ciyar da matar da ya saka in tana da ciki har ta haihu, to ina ga wadda ke ɗakinsa? Kuma sananne ne cewa Sayyidina Usmanu bai halarci yaƙin Badar ba saboda Annabi (SAW) ya bar shi jinyar matarsa Ruƙayya, aka kuma ba shi lada da rabo irin na wanda ya halarta. Ban taɓa jin wanda ya kira shi mijin ta ce ba.

Sauran kuma a tsakar gida suke, inda ba ma'aikacin lafiyar da ke gani. Mai cikin wata takwas tana surfe, tana jan guga, tana hura icce. Ƙwai da hanta da maigida ke ci a teburin mai shayi ita ce ta fi bukatarsu, ga ƙarancin jini ya yi wa masu cikinmu katutu. Mai mata biyu ko uku kan ce adalci ne ya raba cefane daidai, alhali ɗaya na ciyar da rai biyu.

Bayan an haihu kuma sai hankalin kowa ya koma kan jariri da shagali, duk da kwanakin farkon nan su ne mafi haɗari ga uwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gado mai zafi da yawan shan kunun kanwa, ko da yake binciken baya-bayan nan ya nuna akwai wasu dalilan. Mijin da ke sayen itacen wankan ya kamata ya san cewa maijego mai haki, mai kumburin ƙafa, wadda ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti take bukata, ba ƙarin ruwan zafi ba. Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun haihuwa na kwana 14 a 2021, amma mutum nawa ne a cikinmu ke aikin gwamnatin tarayya? Ƙa'idar duba maijego ita ce cikin awa 24 na farko, sai kwana na uku, sai tsakanin kwana bakwai zuwa sha huɗu, sai mako na shida. Na ukun yana faɗowa ne ranar suna ko 'yan kwanaki bayanta, daidai lokacin da angon ƙarni ke zaune kan tabarma cikin sabuwar shadda yana amsa barka, babur ɗinsa a jingine a zaure.